Babur yana mutuwa a hanya: wai daga murfin tanki ne?

Ɗan_Adar83:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin babura. Ina da Honda CG125 wanda na gada daga mahaifina, Allah ya ji ƙansa, kuma ban da niyyar rabuwa da shi. Yau kusan wata biyu ke nan yana yi mini wata ɗabi'a da ta gagare ni fahimta. A cikin garin Tawa ba ya ba ni matsala sosai, amma da zarar na ɗauki hanyar Badagishiri na ba shi wuta, sai ya yi 'yan kilomitoci ya fara shaƙewa kamar mai ya ƙare, daga nan ya mutu, alhali tankin a cike yake. Idan na zauna a gindin itace na ɗan lokaci, sai ya tashi da bugu ɗaya kamar ba abin da ya faru. An wanke karbirata sau biyu, an sake buji, har bobin na saya sabo. Jiya wani dattijo da ya tarar da ni a bakin hanya ya ce in duba murfin tanki. Gaskiya na yi dariya a raina, amma maganar ta ƙi barina. Shin murfi yana iya kashe babur?

Bakaniken_Katako:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, dattijon nan ya fi duk waɗanda suka karɓi kuɗinka gaskiya, ko kuma aƙalla ya fi su tunani. Irin babur ɗinka ba shi da famfon da ke tura mai. Man yana gangarowa ne da nauyinsa daga tanki zuwa karbirata. Duk man da ya fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, kuma hanyar iskar ita ce wata 'yar ƙofa mai kamar bakin allura da ke jikin murfin. Ka lura da mai shayi idan zai zuba madarar gwangwani: huji biyu yake yi, ɗaya na zuba, ɗaya na iska. Ya toshe na biyun da yatsa, madarar ta tsaya. Zaman da kake yi a gindin itace shi ne lokacin da iska ke samun damar saɗaɗawa cikin tankin a hankali, shi ya sa yake tashi bayan hutu. Gwajin ba ya cin ko dala. Ranar da ya sake mutuwa, kada ka jira, ka kara kunnenka ka buɗe murfin nan take. Idan ka ji ya zuƙi iska, sannan ya tashi ba tare da ɓata lokaci ba, to ka kama ɓarawonka.

Mai_Kabukabu_Tawa:
Ni ban yarda ba tukuna. Babur da ke mutuwa idan ya yi zafi, ya tashi idan ya huce, bobin ne ko kondansa. Na ga haka ya fi a ƙirga.

Bakaniken_Katako:
Malam Mai_Kabukabu, maganarka tana kan hanya, domin alamun biyu suna kama da juna ƙwarai. Sai dai ka sake karanta abin da ya rubuta: ya riga ya sake bobin, ciwon bai tafi ba. Kuma akwai bambanci a yadda suke mutuwa. Matsalar wuta takan yanke inji farat ɗaya ko ta sa shi harbi, ita kuwa yunwar mai tana zuwa da shaƙewa, ƙarfi yana raguwa, ka murɗa hannu ya ƙi amsawa.

Malamin_Lakwal:
Ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Bakaniken_Katako, ta fuskar lissafi, domin mutane suna mamakin yadda ɗan ƙaramin huji zai tsayar da inji. Tazarar da ke tsakanin saman man da ke tanki da karbirata ba ta wuce santimita 20 zuwa 30 ba a irin waɗannan babura. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, lita ɗaya tana kusan giram 740, saboda haka ƙarfin da ke tura shi ƙasa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin iskar da ke kewaye da mu ba. Ma'ana, da iskar cikin tankin ta ragu da wannan ɗan kaso, man ya daina sauka. Abin da zai amfane ka a nan, Ɗan_Adar83, shi ne cewa idan murfin ne, matsalar za ta fi saurin zuwa lokacin da tankin yake cike, saboda sararin iskar da ke sama kaɗan ne, ɗan man da ya fita ya isa ya haifar da zuƙa. Idan tankin ya yi rabi, za ka yi tafiya mai nisa kafin ya shaƙe. Ka tuna da kyau, yaushe ya fi yi maka haka?

Ɗan_Adar83:
Malam, wallahi ka sa na yi shiru. Kullum sai na cika tanki kafin in ɗauki hanya, kuma a cikin gari lita ɗaya ko biyu nake zubawa. Ashe ba hanyar Badagishiri ce ba ta karɓe shi ba. Akwai kuma abin da ban faɗa ba, don ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Murfin yana yoyo tun bara, mai yana malalowa a kan tanki idan na faɗa rami, har wandona yana wari. Sai na ninka leda baƙa na shimfiɗa a bakin tankin kafin in rufe. Yoyon ya tsaya.

Tsohon_Direba:
Ɗana, ai ka gama ba da amsar tambayarka da bakinka. Ka rufe wa babur hanci da leda, sannan kana tambayar abin da ya hana shi numfashi. Ba kai kaɗai ba ne, rabin baburan da ke shigowa kasuwa daga ƙauye da leda ko tsumma a bakin tankinsu suke zuwa. Waɗanda ledarsu ta huje su ne suke tafiya lafiya, ba su san hujin ne ya cece su ba. Cire ta yau. Bayan toshe iska, leda tana yagewa, guntayenta su faɗa ciki su kwanta a kan rariyar famfon mai, wato mabuɗin da ke ƙarƙashin tanki wanda ake buɗe mai da rufe shi, ka koma neman wata sabuwar cuta.

Mai_Kabukabu_Tawa:
To, da leda a ciki na janye maganata. Amma magani mai sauƙi ne: ka samu ƙusa siririya ka huda murfin daga sama. Mu haka muke yi, kuma ba wanda ya mutu a hanya.

Bakaniken_Katako:
A nan kam ba zan bi ka ba. Hujin da kamfani ya yi ba miƙaƙƙe ba ne. Murfin faifai biyu ne ko fiye a haɗe, iska tana shiga ta ƙarƙashin leɓensa, ta zagaya, sannan ta ɓulla ta wata ƙofa a ciki. An yi haka ne domin iska ta wuce amma mai ya kasa fantsamowa, ruwan sama da ƙura kuma su kasa samun hanya kai tsaye. Idan ka huda daga sama, ka buɗe wa hunturu ƙofa. Ƙurar da muke sha daga Disamba zuwa Fabrairu gari ce mai laushi, tana shiga tana taruwa a gindin tanki, ta bi mai ta toshe jiklar, 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin karbirata. Damina kuma ta zo, ɗigon ruwa ya bi ta nan. Ga shi murfin mahaifinsa ne, na asali, wanda samun irinsa yanzu sai an tona. Abin da ya kamata shi ne a wanke shi: a jiƙa shi cikin kananzir ko fetur mai tsabta ya kwana, a bi hujin da silin waya guda daga tsohon kabul na birki, a hankali ba tare da an faɗaɗa shi ba, sannan a hura da famfon taya. Idan an goge shi ya bushe, ka sa baki ka hura ta ciki, ya kamata ka ji iska tana fita da ɗan ƙyar. Idan ta ƙi fita sam, bai wanku ba.

Hajiya_Mai_Mobilet:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa, domin ni ma na sha wannan wahala shekarun baya da Mobylette ɗina, irin shuɗiyar nan ta kamfanin Motobécane da ma'aikata suka yi yayi a Yamai. Nata injin mai bugu biyu ne, ana gauraya fetur da man inji a tanki ɗaya. Fetur yana bin iska ya tafi, man injin kuwa yana zama, ya yi danƙo a cikin hujin murfin, ƙura ta zo ta manne a kai har ya zama kamar ƙullun tuwo da ya kwana. Wani yaron gareji ne ya nuna mini, ya zaro dattin da tsinke a gabana. Tun daga ranar, duk lokacin da za a wanke buji sai na ce a haɗa da murfin. Masu Vespa da Peugeot 103 su lura da wannan, domin duk gauraye suke sha.

Manomin_Galmi:
Hajiya ta tuna mini da injin ban-ruwa. Mu masu albasa mun san wannan ciwo a jikin motopompu. Inji yana cikin aiki tsakiyar rana sai ya yi ta sama da ƙasa ya mutu, mutum ya kwance karbirata a cikin laka, alhali laka ce ta toshe murfi. Haka ƙananan gurup na wuta, wasunsu ma da ɗan maɓalli a kan murfin, na buɗe iska da rufewa, mutane su manta shi a rufe su ce inji ya lalace. Amma tambayata ga masana ita ce: ya cire leda, to yoyon fa? Ai dalilin sa ledar bai tafi ba.

Tsohon_Direba:
Yoyon daga robar da ke zagaye da murfin ne, wadda masu gyara ke kira juwan. Ta tsufa ta bushe ta tsattsage. A yanka wata daga tsohon shambur, robar cikin taya, a sa, aiki ya ƙare.

Malamin_Lakwal:
Baba Tsohon_Direba, a gafarce ni, a nan zan saɓa maka kaɗan, kuma daga abin da ya same ni nake magana. Na taɓa yanka shambur na sa a murfin Yamaha ɗina. Kwana uku ya yi lafiya, a na huɗu robar ta kumbura ta yi laushi kamar an dafa ta, murfin ya ƙi buɗuwa a gidan mai sai da aka sa ƙarfi, kuma gefenta ya fara marmashewa yana zuba a ciki. Robar shambur an yi ta ne don riƙe iska, ba ta jure fetur. Wadda ke jurewa ita ce robar nitril, irin wadda ake yin tiyon mai da zoben injin da ita, akwai kuma Viton wadda ta fi ta ƙarko da tsada. Tsofaffin murafe da yawa ma da kwalkin toshe kwalba aka yi musu juwan, kuma masu sayar da kayan mota suna da fallensa da ake yankawa. Haka nan a guji shafa silikon ɗin nan na bututu, domin fetur yana narkar da shi ya zama kamar majina, ya gangara ya toshe rariya. Wajen yankan sabuwar, a ɗora tsohuwar a kai a zana, kuma a tabbata ba ta rufe ƙofar iskar ba, don kada a koma gidan jiya.

Tsohon_Direba:
Na karɓi gyara, Malam. A zamaninmu abin da hannu ya kai shi ake sawa, kuma in ta kumbura sai a yanka wata, shambur ba ya ƙarewa. Amma tunda akwai mai kyau, a nemi mai kyau.

Ɗan_Agadas_XT:
Ku bar ni in shigo da baburan daji, tunda su ma tsofaffi ne. Ina da Yamaha XT500, irin wanda Cyril Neveu ya ci gasar Paris-Dakar ta farko da shi a 1979, gasar da ta ratso ta Agadas da Yamai. Baburan rairayi da yawa murfinsu na murɗawa ne, da ɗan tiyo a tsakiyarsa wanda ake sokawa a wajen wuyan kan babur. Ta nan suke shaƙar iska, kuma idan babur ya faɗi man ba ya kwarara sosai. Ciwonsu shi ne tiyon ya lanƙwashe lokacin da aka murɗa murfi, ko jaka ta danne shi, ko kuma zanzaro ya cika bakinsa da laka idan babur ya daɗe a ajiye. Na ƙarshen nan ya taɓa samuna bayan na bar shi wata uku a zaure. Duk wanda ke ɗora jaka ko buhu a kan tanki, ko mai shimfiɗa wa tanki rigar leda don kare fenti, ya duba ko bai danne leɓen murfin ba.

Mai_Kabukabu_Tawa:
Duk wannan wahala a kan murfi? A kasuwa akwai sababbi na baburan Sin da aka kwaikwayo daga CG, da makullinsu biyu, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ya saya ya huta.

Bakaniken_Katako:
Wasu suna hawa, wasu ba sa hawa, ko da a ido kamarsu ɗaya. Honda ta fito da CG125 tun 1975, an ƙera shi a ƙasashe daban-daban shekaru da yawa, kuma bakin tankin bai zama iri ɗaya ba a duk tsawon lokacin, balle na waɗanda suka kwaikwaya. Wani haƙoransa ba sa kama leɓen tankin da kyau, sai ya riƙa rawa yana yoyo. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne murfin da ba shi da hujin iska sam, saboda an yi shi ne don tankin da ke da nasa bututun numfashi a ciki. Ka ɗora irin wannan a tsohon tanki, ka sayi ciwon da kake gudu da kuɗinka. Wanda zai saya ya tafi da babur ɗin, ko aƙalla da tsohon murfin, a gwada a gabansa, ya kuma hura ya ji. Ni dai in nawa ne, zan sayi sabon in ajiye na ko-ta-kwana, in gyara na asalin.

Hajiya_Mai_Mobilet:
Tunda an ambaci makulli, kada a ɗura masa baƙin mai idan ya yi tauri, yana tara ƙura ne ya ƙara cijewa. A goga bakin fensir a jikin makullin a yi ta sawa ana zarewa. Kuma a danna murfin ƙasa da tafin hannu kafin a murɗa, saboda robar tana tura shi sama tana matse harshen kwaɗon. Makullai da yawa a nan suke karyewa.

Malamin_Lakwal:
Akwai ɗaya gefen da ba mu taɓa ba, kuma yana da muhimmanci ga mu mutanen Adar da zafinmu ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Hujin nan ba shigar da iska kaɗai yake yi ba, yana fitar da tururi. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kan kowane digiri, wato lita 10 da aka zuba da sanyin safiya, idan rana ta ƙara mata digiri 20, za ta ƙaru da kusan mililita 200, kusan cikin ƙaramin kofi, ban da tururin da ke tashi. Idan murfi a toshe yake, wannan matsi ba shi da mafita sai ta ƙasa, ya rinjayi allurar karbirata, ka dawo ka tarar da mai ya yi tafki a ƙarƙashin babur, ko ya ƙi tashi saboda ya sha ya ƙoshi. Don haka sautin da ake ji wajen buɗe murfi iri biyu ne: na zuƙa bayan tafiya, da na huci bayan an bar shi a rana. Kada a cika tanki har baki, a bar sarari kamar yatsa biyu, a rufe famfon mai duk lokacin da aka ajiye, a nemi inuwa. Kuma don Allah kada wanda ya leƙa cikin tanki da ashana ko da taba a hannu.

Ɗan_Adar83:
Jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da ya faru. Na cire ledar, na tarar gefenta ɗaya ya yage, ban san inda guntun ya shiga ba. Na jiƙa murfin a kananzir ya kwana, da safe na bi hujin da silin waya, wani baƙin datti haɗe da jan tsatsa ya fito. Robar ta bushe har tana karyewa a hannu kamar ƙosai ya kwana biyu. Ban samu ta nitril ba tukuna, wani mai kayan mota ya yanka mini ta kwalki. Na cika tanki, na bar yatsa biyu kamar yadda Malam ya ce, na je Badagishiri na dawo bai mutu ba ko sau ɗaya, yoyon ma ya ragu sosai, sai ɗan danshi a gefe guda. Amma da yamma, da mai ya yi ƙasa na juya famfo zuwa rizab, wato ragowar man ko-ta-kwana, sai ya fara tari yana harbi, abin da bai taɓa yi ba.

Mai_Kabukabu_Tawa:
Na faɗa muku akwai maganar wuta a ciki. Harbi na wuta ne.

Bakaniken_Katako:
Ba lalle ba ne. Rizab daga can gindin tanki yake ja, kuma ruwa ya fi fetur nauyi, a can yake kwanciya tare da tsatsa. Murfin da ya yi damina guda yana yoyo, yadda mai ke fita haka ruwa ke shiga, ga kuma guntun ledar da ba a gani ba. Ka zare tiyo daga karbirata, ka juya zuwa rizab, ka tara man a farar kwalba ka ajiye ta ta natsa. Idan akwai ruwa za ka gan shi a ƙasa ya ware kamar ƙwayar ido. Ɗan danshin da ya rage kuma, ka shafa yatsa a leɓen bakin tankin ka ji ko ya lotsa ko tsatsa ta ci shi, domin sabuwar juwan ba ta zama a kan leɓe mai kaushi.

Tsohon_Direba:
Ko kuma man da ya zuba ne. Ɗana, a gidan mai ka sha ranar, ko na kwalba ka saya a bakin hanya?

Ɗan_Adar83:
Baba, na safe a gidan mai ne, amma a hanyar dawowa na ƙara lita ɗaya ta kwalba. Gobe in Allah ya kai mu zan tara shi a farar kwalba kamar yadda aka ce, in ɗauki hotonsa in sa a nan. Wanda ya san inda ake samun fallen robar nitril a Tawa, ko wanda zai iya aiko mini daga kasuwar Katako ta Yamai, ya yi mini magana.